Wa Ya Taɓa Kama Miloniya?

Ranar 20 ga Agusta, 1836, wata jaridar raha ta birnin Paris mai suna Le Charivari ta fito da zanen wasu mutum biyu suna shawara. Ɗaya mai ƙiba ne, baki kamar an shafa masa zuma, sunansa Robert Macaire. Ɗayan yaronsa ne, Bertrand, ramamme, kayan jikinsa duk sun mutu. A ƙasan zanen aka rubuta hirarsu. Macaire yana cewa su buɗe banki, banki na gaske, jarinsa miliyan ɗari sau miliyan, su durƙusar da Bankin Faransa, su durƙusar da masu bankuna, su durƙusar da kowa da kowa. Bertrand ya ce to, jandarmomi fa? Sai maigidan ya ce masa, "Kai dai wawa ne, Bertrand. Wa ya taɓa kama miloniya?"

Kusan shekara 190 ke nan da wannan tambaya, kuma har yau ban ga zanen barkwanci da ya fi ta kama zuciyar al'ummar da cin nasara ya zame mata abin bauta ba. Macaire bai ce sata halal ce ba. Abin da ya gano shi ne, idan ka yi nasara sosai, mutane sukan daina tambayar hanyar da ka bi. Wanda ya zana shi, Honoré Daumier, da mai jaridar da ke rubuta kalaman ƙasan zanen, Charles Philipon, sun ci gaba da fitar da shi har zuwa ƙarshen 1838, zane 100 cif, kafin daga baya su ƙara wasu 20.

Abin lura shi ne ba da son ransu suka koma zanen 'yan damfara ba. Sarki suke so su zana.

A 1830 juyin juya hali ya kawo Louis-Philippe kan gadon sarautar Faransa, da alkawarin 'yancin faɗin albarkacin baki. Ba a jima ba aka ga iyakar alkawarin. A ƙarshen 1831 Daumier, yana ɗan shekara 23, ya zana sarkin a matsayin wani ƙaton basamude zaune a kan kujerar bahaya. An jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bakinsa, fadawa suna hawa da kwandunan kuɗin da aka tatsa daga talakawa suna juye masa. Ta ƙarƙashin kujerar kuma, wato ta inda ba a faɗa, takardun muƙamai da lambobin girma ne ke zubowa, manyan mutane suna wawaso. Wannan zane ya jawo masa ɗaurin wata 6 da tarar faran 500. Ya fito bai daddara ba. Sai a watan Yulin 1835 wani mutum mai suna Fieschi ya harhaɗa bakin bindiga 25 a jikin katako ɗaya ya buɗe wa ayarin sarki wuta. Sarki ya tsira, mutum 18 suka mutu. Gwamnati ta samu abin da take nema: a watan Satumba aka kafa dokar da ta ce ba a buga kowane zane sai jami'in tace labarai ya gani ya sa hannu. Ɗaya jaridar ta Philipon, La Caricature, wadda ta fi zafi kan siyasa, ta rufe.

Bahaushe ya san bambancin zambo da habaici. Mai zambo yakan siffanta mutum har kowa ya gane shi, ya ambaci ƙaton cikinsa da rowarsa da asalinsa. Mai habaici kuwa jifa yake yi cikin duhu, wanda dutsen ya sama shi zai yi ƙara. Dokar 1835 ta kashe zambo, sai Philipon da Daumier suka koma habaici. Kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa a Paris ya san gidan da Macaire ya fito. Shekaru bayan haka, da Karl Marx ya zo rubutu kan wannan zamani, cewa ya yi mulkin Louis-Philippe kamfanin hannun jari ne kawai da aka kafa don a ci dukiyar Faransa, shi kuma sarkin shi ne manajan kamfanin, Robert Macaire a kan karaga.

Akwai dalilin da ya sa neman kuɗi ya zama hauka a lokacin. Tsarin zaɓen ƙasar ya ce ba ka da ƙuri'a sai kana biyan harajin da ya kai faran 200 a shekara, ba ka tsayawa takara sai ya kai 500. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 30, masu ƙuri'a ba su kai dubu 250 ba har mulkin ya faɗi a 1848. Ke nan arziki ba jin daɗi kawai yake sayo maka ba, shi ne takardar shaidar cewa kai mutum ne a idon hukuma. Shi ya sa kalmar da aka jingina wa babban ministan sarkin, François Guizot, ta zama tambarin zamanin baki ɗaya: ku yi arziki. Idan hukuma ta ce wa jama'a ƙofar mutunci ɗaya ce tak, kuma da kuɗi ake buɗe ta, to ba abin mamaki ba ne a ga ana tattake juna a bakin ƙofar.

Shi Macaire ba Daumier ne ya ƙirƙiro shi ba. Ɗan fashi ne a wani wasan kwaikwayo na 1823, wanda marubutansa suka so ya zama abin tsoro. Ɗan wasan da aka ba matsayin, Frédérick Lemaître, sai ya juya shi ya zama abin dariya: ga tsumma a jiki, ga taƙama irin ta 'yan sarauta. 'Yan kallo suka haukace a kansa. Abin da Daumier ya yi shi ne ya fitar da wannan ɗan fashi daga daji, ya ɗinka masa kwat, ya shigar da shi kowace sana'a mai daraja. Yau ma'aikacin banki ne, gobe lauya, jibi likita, gata ɗan jarida, citta mai dalilin aure ko ɗan takarar majalisa. Kamar Gizo a tatsuniya, kowace rana da rigar da yake sakawa, amma cikin nan ɗaya ne.

A nan ne nake ganin ƙarfin waɗannan zane-zane yake, kuma a nan ne mafi yawan na zamaninmu suke faɗuwa. Daumier da Philipon ba su tsaya ga cewa son duniya ba kyau ba. Wannan kowa ya sani, kuma ba ya hana kowa barci. Su dabarar suke kwancewa a gabanka, ƙusa bayan ƙusa. A zane na biyu Macaire ya zama mai taimakon al'umma, ya kafa ƙungiyar jinƙai da hannun jari na faran 250 kowanne. Yana gaya wa Bertrand cewa za su yi wa masu hannun jari magani kyauta: kai ka ba su maganin wankin ciki, ni kuma in zuƙe musu jini. A lokacin likitocin Turai suna tsaga jijiya su zubar da jini a matsayin magani, kamar dai ƙahon wanzamai, don haka kalmar ta hau daidai ta fuska biyu. A wani zanen kuma yana tsaye a kan dandamali yana tallar mahaƙar kwal. Yana cewa zinariya da azurfa da lu'ulu'u duk tarkace ne a kan kwal ɗinsa, kuma shi ba sayar da hannun jarin yake yi ba, kyauta yake bayarwa a kan 'yan faran 200 kacal, ya ƙara maka da allura da abin sosa kunne, sannan ya sa maka albarka a matsayin gyara. Ya rufe da umartar a buga babbar ganga. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in a tasha ya san wannan murya. Bambancin kawai shi ne wannan takarda yake sayarwa, kuma masu saye suna sanye da kwat.

Wanda na fi so shi ne inda kasuwar hannun jari ta fara mutuwa, Macaire ya ce wa yaronsa zamanin kamfanoni ya wuce, amma 'yan kallo masu sakin baki ba za su taɓa wucewa ba, don haka su kama abin da ba ya ƙarewa: su ƙirƙiro addini. Bertrand ya ce ai wannan da wuya. Maigidan ya ce me ye wuyarsa? Ka naɗa kanka shugaba, ka kama hayar shago, ka aro kujeru, ka riƙa huɗuba a kan Napoleon, ko gano Amurka, ko ma mene ne. Yau da wuya mutum ya karanta wannan bai tuna da masu hayar zaure a otal suna koyar da sirrin zama attajiri cikin kwana 30 ba, waɗanda babbar sana'ar da suka taɓa yin nasara a kanta ita ce sayar da tikitin shiga zauren.

Maganar 'yan kallon da ba sa wucewa ita ce ta kawo mu ga mutum na uku a labarin, wanda aka fi mantawa da shi. A wasan kwaikwayon 1834 da aka gina kan Macaire akwai wani mai hannun jari da ake kira Malam Gogo, mai gaskata duk abin da aka faɗa masa in dai an ambaci riba. Sunan ya shiga harshen Faransanci, har yau gogo na nufin wanda ake damfara cikin sauƙi, kuma Daumier ya yi masa nasa jerin zanen daban a 1838. Gogo ba mugu ba ne, amma kuma ba a ce masa bawan Allah. Ya ga maƙwabcinsa ya sayi keken doki, matarsa ta fara yi masa gori, shi ma yana so a ce da shi ya iso. Tsoronsa na a bar shi a baya ya fi tsoronsa na asara. In ba Gogo, Macaire mahaukaci ne kawai da ke surutu a kan dandamali.

Wani abin ban dariya, ko ban takaici, shi ne yadda magadan Macaire suka koyi zana Gogo da kansu. A Rasha a 1994, kamfanin MMM na Sergei Mavrodi ya cika talabijin da tallace-tallace masu jarumi ɗaya, Lyonya Golubkov, wani talaka direban motar haƙa rami da ya zuba 'yan kuɗinsa, ya saya wa matarsa takalma, sannan rigar sanyi mai tsada, har ya tafi Amurka kallon gasar cin kofin duniya. Gogo ne sak, sai dai an cire ƙarshen labarin. Kamfanin ya rushe a wannan shekarar da kuɗin miliyoyin mutane. Da sunan ya sake ɓulla a Najeriya, ya yi tashe a 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali, da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ba a ma buƙaci ɗan wasa ba. Masu zuba kuɗin ne da kansu suke rubuta wasiƙun farin ciki, suna ɗaukar bidiyon kansu suna shaida, don ana ba da ƙarin lada a kan haka. A watan Disamba aka rufe asusun kowa. Hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Bertrand ba ya nan, sai aka miƙa wa Gogo gangar ya buga da hannunsa.

Ba Faransawa ne suka fara irin wannan zane ba. Bayan kasuwar furen tulip ta faɗi a Holan a 1637, mai zane Jan Brueghel ƙarami ya zana 'yan kasuwar a matsayin birai sanye da kayan manya, wani yana auna kwararon fure, wani yana ƙirga kuɗi, wani an gurfanar da shi gaban alƙali, wani kuma yana fitsari a kan furen da ya talauta shi. A Landan, bayan rushewar Kamfanin Tekun Kudu a 1720, William Hogarth ya zana wani lilo mai juyawa da kowa ke rububin hawa, malamin coci da karuwa da mai goge takalma da basarake, a gefe kuma an ɗaure Gaskiya ana karya mata ƙasusuwa. Duka biyun bayan ɓarna suka zo, kamar mai wa'azi a gidan makoki. Macaire kuwa ana tsakiyar cin kasuwar ya fito, mako bayan mako, a jaridar da masu sayen hannun jarin suke karantawa a gidajen shan gahawa.

Akwai wata hanyar ta daban, wadda ba ta kallon mai nasara ko kaɗan. A Amurka, ƙasar da kalmar "wanda ya faɗi" take cikin manyan zagi, Charles Schulz ya shafe kusan shekara 50, daga Oktoban 1950 zuwa Fabrairun 2000, yana zana wani yaro mai suna Charlie Brown wanda da wuya ka ga ya ci wani abu. Ƙungiyarsa ta wasa kusan kullum ita ake lallasawa. Kusan kowace shekara wata yarinya, Lucy, takan riƙe masa ƙwallo ta rantse ba za ta janye ba, ya taho a guje, ta janye, ya faɗi rigingine. Sau ɗaya, a 1979, ta cika alkawari saboda ya tashi daga jinya, sai ya kuskure ƙwallon ya harbi hannunta. Schulz ya ƙi barinsa ya buga ƙwallon nan har zane na ƙarshe, cikin zane 17,897. Wannan taurin kai shi ne zambon: a ƙasar da kowane labari sai ya ƙare da jarumi ya ɗaga kofi, ga yaro nan yana faɗuwa a jaridu sama da 2,600, kuma mutane suna ganin kansu a jikinsa fiye da yadda suke ganin kansu a jikin zakaru. Sai dai kasuwa ba ta bar shi ba. Yaron da ya saba shan kashi a wasa ya mayar da mai zana shi hamshaƙin attajiri, aka sa sunansa da na karensa Snoopy a jikin sassan kumbon Apollo 10 a 1969, kuma karen ya yi shekara 31 yana tallar kamfanin inshora na MetLife.

Na zamaninmu kuwa, waɗanda ke yawo a Facebook da WhatsApp, yawancinsu iri ɗaya ne: tsani mai tsawo mutane suna taka kawunan juna, ko mutum yana bin takardar kuɗi da aka rataya masa a gaban goshi har ya faɗa kabari, ko ɗalibi da aka ɗora wa kofuna a ka har wuyansa ya lanƙwashe. Wanda ya fi shahara shi ne ɗan gajeren zane mai motsi na Steve Cutts, ɗan Ingila, da ya fitar a 2017, inda ɓeraye sanye da kayan ofis suke cunkuso a jirgin ƙasa, suna yaƙi a kanti ranar rangwame, suna neman farin ciki a mota da giya da ƙwayoyi, har ɗayansu ya bi takardar kuɗi tarko ya kama shi a kan teburin aiki. Aikin hannu ne mai kyau, ba musu. Amma ni a ganina irin waɗannan ba su da haƙori. Ɓeran ba shi da suna, kuma ba a nuna mana wanda ya ɗana tarkon ba. Ba Macaire, ba kalaman da aka yi amfani da su, ba farashin hannun jari, ba ganga. Mutum ya kalla, ya girgiza kai, ya rubuta "gaskiya ne wallahi", ya tura wa abokai, sannan ya dawo bayan awa ɗaya ya duba mutum nawa suka yaba. Laifi tudu ne. Zanen da bai sa ka tsargu ba, ya bar ka kana hango ɓeraye daga sama kamar kai ba ka cikinsu, lallashi ne ya yi maka.

Shin na Daumier sun gyara wani abu? Kamfanonin bogi ba su daina fitowa ba, kuma a shekarun 1840 haukan hannun jarin jirgin ƙasa ya fi na baya. Masu iya biyan kuɗin jarida na shekara su ne dai masu hali, wato 'yan uwan Macaire da 'yan uwan Gogo. Talaka sai dai ya leƙa ta tagar shagon Aubert mai buga zanen, inda ake liƙa su. Macaire kansa ya zama haja mai tsada, aka tattara shi a littafi, aka sake bugawa, wasu suka kwaikwaya suka sayar. Philipon ɗan kasuwa ne da ya san abin da yake yi, kuma bai ɓoye wa kansa wannan ba. A wani zane Macaire yana kallon titi cike da lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa, kowa ya koyi sana'arsa, yana cewa abin alfahari ne mutum ya yaye ɗalibai da yawa haka, amma fa sun yi yawa, gasa za ta kashe kasuwar, in aka ci gaba a haka yunwa za ta sa su shiga aikin jandarma.

Suka kuma yi wani da ya fi wannan. Macaire ya shigo ɗakin aikin mai zanen da kansa, ya tsaya a bayansa yana kallon dutsen da yake zane a kai, don a kan lallausan dutse ake zana irin waɗannan da alli mai maiƙo kafin a buga a takarda. Yana cewa, Malam Daumier, wannan jerin naka na Robert Macaire ya yi kyau ƙwarai, ka fito da ɓarayin zamaninmu sak, irin waɗanda ake samu ko'ina, a kasuwa, a siyasa, a kotu. Lallai 'yan damfara suna jin haushinka, amma mutanen kirki suna tare da kai. Sannan ya tambaya: har yanzu ba a ba ka lambar girma ba? Kai, wannan abin kunya ne!

A 1870 gwamnatin Napoleon na Uku ta yi wa Daumier tayin lambar girman da gaske, babbar lambar ƙasar Faransa. Ya ƙi karɓa, ba tare da ya yi wata sanarwa ba. A lokacin ya riga ya yi zanen dutse dubbai, jimillarsu a rayuwarsa ta kai wajen 4,000, bayan 'yan shekaru kuma idonsa ya fara mutuwa. A 1878 abokansa suka shirya masa baje kolin ayyukansa a Paris ƙarƙashin jagorancin marubuci Victor Hugo. Masana suka yaba, amma kuɗin da aka samu bai mayar da abin da aka kashe ba. Ya rasu a watan Fabrairun 1879 a ƙauyen Valmondois, kusan makaho, yana rayuwa da ɗan fanshon da gwamnati ta yanka masa.